Na sa kalmar sirri, allo ya yi baƙi ya dawo da ni baya: sai an yi fomatin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a Agege. Laftof ɗina HP ce ta hannu, a Computer Village na sayo ta, wani abokina ya sa mini Linux Mint mai Cinnamon, kuma shekara guda ke nan tana aiki lafiya. Ranar Talata tana cikin sabunta kanta aka ɗauke wuta, batirin kuwa dama ba ya riƙo. Tun daga ranar, in na sa kalmar sirri sai allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, ya dawo da ni inda na fara. Wani mai gyara ya ce sai an yi fomatin. Takardun kwastomomina duk suna ciki. Akwai wata hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, kuma don Allah kada ka miƙa wa kowa kwamfutar nan ya yi mata fomatin tukuna. Na daɗe ina kula da kwamfutoci masu Linux a nan Legas, kuma wannan ciwo da ka kwatanta yana cikin waɗanda aka fi kawo mini. Da wuya ka ga ya taɓa takardun mutum. Fomatin ɗin ne ke cinye su.

Ka lura da abu ɗaya. Kwamfutar ba ta ce kalmar sirrinka kuskure ba ce, ta karɓa. Da kuskure ne, nan take za ta rubuta maka, allo ba zai yi baƙi ba. Linux ba dunƙule ɗaya ba ne, hawa-hawa ne. Can ƙasa akwai kanel, mai magana da ƙarafan na'ura. A kansa akwai Xorg, mai zana hoto a allo. Sai mai gadin ƙofa, wannan shafin da kake rubuta kalmar sirri, wanda a Mint sunansa LightDM. Sannan Cinnamon, fuskar aikin da ka saba gani, da sandar ƙasa da menu da tagogi. Abin da ke faruwa a wajenka shi ne mai gadi ya buɗe ƙofa, ya kira Cinnamon, Cinnamon ya yunƙura zai tashi ya faɗi, sai mai gadi ya koma bakin ƙofa. Duk hawan da ke ƙasa suna tsaye, tunda har kana ganin shafin shiga. Aikinmu kawai mu gano abin da ke kayar da na sama.

Akwai ƙofar baya. A wannan shafi ka danna Ctrl da Alt da F3 tare. A wasu laftof sai ka haɗa da maɓallin Fn. Za ka ga baƙin allo mai farin rubutu yana neman suna. Nan mutane da yawa suke tuntuɓe sau biyu. Na farko, sunan da ake nema shi ne gajeren sunan shigarka, mai ƙananan haruffa, ba cikakken sunan da ke bayyana a shafin shiga ba. Na biyu, in kana buga kalmar sirri ba za ka ga komai ba, ko tauraro ɗaya. Haka aka yi shi, ka buga ka danna Enter. In kana son komawa shafin hoto a Mint, Ctrl da Alt da F7 ne.

Kafin ka taɓa komai, ka kwashe takardun mutane. Amana ce, kuma hankalinka zai fi kwanciya wajen gyara in ka san suna aljihunka. Sa filashi, ka rubuta lsblk, ka duba jerin. Da girmansa za ka gane shi, yawanci yana fitowa da suna sdb1. Sai ka bi da waɗannan, layi bayan layi, in naka sunan daban ne ka sa shi a madadin sdb1. Kalmar sudo tana ba umarni cikakken iko a kan tsarin, shi ya sa za ta nemi kalmar sirrinka:

sudo mount /dev/sdb1 /mnt
sudo cp -rv ~/Documents ~/Desktop /mnt/
sudo umount /mnt

Na haɗa da folda ta biyun ne don na san halin masu shago, aikin yau da na jiya duk a fuskar allo ake zube su. Ka jira umarnin ƙarshe ya gama kafin ka zare filashin.

Yanzu bincike. Na san zuciyarka na kan ɗauke wutar nan, kuma wataƙila ita ce. Amma ni kullum da faifai, wato ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar, nake farawa, don in ya cika babu wani gyara da zai zauna. Rubuta:

df -h

Ka nemi layin da ƙarshensa ke da alamar / ita kaɗai, ka dubi kason da aka ci. In ka ga 100, ko 99, ka kama ɓarawon. Dalilin yana da ban sha'awa. Tsarin ajiya na ext4, wanda Mint ke amfani da shi, yana keɓe kashi 5 cikin ɗari na faifai don babban mai iko, wato root. Saboda haka tsarin kansa yana da ɗan filin da zai tashi har ya nuna maka shafin shiga, amma kai mai amfani ba ka da inda za ka ajiye ko harafi ɗaya. Shi kuwa Cinnamon ba ya tashi sai an rubuta wasu ƙananan fayiloli a foldarka. Ba wuri, ba shiga. Sabuntawa kuma tana sauko da kaya masu nauyi, don haka sau da yawa ita ce ke ƙarasa faifan da dama ya kusa baki.

Kwanakin baya an kira ni wajen wani malamin lissafi da ke riƙe wa dillalan albasa littafi a kasuwar Mile 12. Kwana uku yana rubuta bashi a bayan kwali saboda kwamfutar ta ƙi shi, har an yi masa kuɗin fomatin. Muka zauna a kan benci, laftof a cinyata, caja a jone da janareton maƙwabci. Faifansa SSD ne mai gigabait 128, kuma df ya nuna ya cika maƙil. Da na bi sawu, sai na tarar Timeshift ne, manhajar da ke ajiye kwafin tsarin kwamfuta, wanda ake kira hoto, don a iya komawa gare shi in abu ya lalace. Wanda ya sa masa tsarin ya kunna ɗaukar hoton tsari kullum da kowane mako, a kan faifai ɗaya, ba wanda ya sake waiwaya. Na goge tsofaffin hotuna, na danna Ctrl da Alt da F7, na ce ya sa kalmar sirrinsa. Da ya ga sandar ƙasa ta fito, bai ce komai ba sai da ya buɗe fayil ɗin bashin ya gangara har layin ƙarshe, sannan ya ɗago ya ce alhamdulillahi.

In naka ma haka ne, ga yadda ake samun fili ba tare da ɓarna ba. Umarnin sudo apt clean yana share kunshin manhajojin da aka riga aka sauke aka girka, babu abin da za ka rasa. Umarnin sudo journalctl --vacuum-size=100M yana rage littafin tarihin tsarin. Sai sudo timeshift --list ya jero maka hotunan da ke akwai, kowanne da kwanan watansa, ka goge tsofaffin da sudo timeshift --delete --snapshot sannan sunan hoton. Ka bar na baya-bayan nan da aka ɗauka kafin ranar Talata, za mu iya buƙatarsa. Ka kuma duba girman wani ɓoyayyen fayil da ls -lh ~/.xsession-errors, don in wata manhaja ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa, wannan fayil yakan kumbura ya kai gigabait masu yawa. Finafinai da bidiyon biki da ke foldar saukewa kuwa, kai ka san waɗanda za su tafi.

In faifai na da wuri, sai mu koma kan wutar. Girka manhaja a Mint mataki biyu ne: a kwance kunshi a zuba fayiloli, sannan a daidaita su. In wuta ta yanke a tsakiya, sai ka samu rabin Cinnamon sabo, rabi tsoho, kuma ba sa jituwa. Gyaran yana buƙatar intanet. Hanya mafi sauƙi a baƙin allo ita ce ka jona wayarka da kebul ka kunna raba intanet ta USB, kwamfutar za ta gane da kanta. In waya-fai kake so, rubuta nmtui ka zaɓa da kibiyoyi. Sannan:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt update
sudo apt --fix-broken install
sudo apt upgrade

Na farkon yana ƙarasa daidaitawar da aka bari a rataye, na ukun yana cike giɓin abin da ya ɓace. Wannan karon ka tabbatar kana kan janareto ko inbata mai caji, kada a maimaita. In bayan haka abin bai sauya ba, ka sake girka fuskar aikin da sudo apt install --reinstall cinnamon, ba ya taɓa takardunka.

Gargaɗi biyu a nan. Za ka ga ana yawan ba da shawarar apt autoremove don samun fili. A tsari mai lafiya abu ne mai kyau, amma a wanda ya karye ka karanta jerin abin da zai cire kafin ka amsa masa. In ka hangi sunan cinnamon ko lightdm ko xorg a ciki, ka ce a'a. Na biyu, in apt update ya yi ƙorafin kwanan wata, ka rubuta timedatectl ka dubi agogo. Kwamfutocin hannu da yawa ƙaramin batirinsu mai riƙe agogo, na can cikin na'urar, ya mutu, sai agogo ya koma shekarun baya duk sanda wuta ta yanke gaba ɗaya, kuma apt ba ya yarda da jerin manhajojin da a ganinsa daga gobe suka zo. Ka gyara lokacin, yankinmu Africa/Lagos ne, ka kuma canja batirin, ba shi da tsada.

Idan ka gwada duk wannan har yanzu ana dawo da kai, akwai gwaji ɗaya da nake ƙauna fiye da kowanne, don yana raba gardama cikin minti biyu. Ka ƙirƙiri sabon mai amfani:

sudo adduser gwaji

Ba shi kalmar sirri, ka koma shafin shiga, ka shiga da shi. In shafin bai nuna shi ba, sake kunna kwamfutar. In gwaji ya shiga lafiya, tsarin ba shi da laifi, matsalar tana cikin foldarka ta gida. In shi ma an koro shi, matsalar ta tsarin gaba ɗaya ce. Ka ga yanzu ka san ɓangaren da za ka tona, ba lalube a duhu ba.

A ce gwaji ya shiga. Abin zargi na farko wani ƙaramin fayil ne mai suna .Xauthority, wanda ke riƙe da izinin zana hoto a allo. Rubuta ls -l ~/.Xauthority. Ya kamata ka ga sunanka sau biyu a layin. In root ka gani, to wata rana an buɗe manhaja mai taga da sudo, ko an rubuta sudo startx, fayil ɗin ya koma hannun babban mai iko, kai kuma ba ka iya rubutu a cikinsa. Goge shi da sudo rm ~/.Xauthority, za a ƙirƙiro sabo da zarar ka shiga. Abin zargi na biyu shi ne saitunanka. Cinnamon yana tara mafi yawansu a fayil guda, kuma in wuta ta yanke ana cikin rubuta shi yana iya lalacewa. Kada ka goge, ka sauya masa suna kawai:

mv ~/.config/dconf/user ~/.config/dconf/user.tsoho

Za ka shiga ka tarar da allo kamar ranar farko, hoton bango da tsarin sanda sun koma na asali, amma takardu na nan. In ba shi ne ba, sai ka mayar masa da sunansa. Wannan ɗabi'a ta sauya suna maimakon gogewa ita ce ta fi cetona a aikin nan. Haka za ka yi da foldar ~/.local/share/cinnamon in ka taɓa sauko da ƙarin kayan ado na sanda, don waɗanda ba su dace da sabon Cinnamon ba suna iya kayar da shi. Kuma in an taɓa liƙa wani layi a ~/.profile daga intanet, ka duba shi, kuskure ɗaya a can ya isa ya hana shiga.

A ce kuma gwaji bai shiga ba. Duba ls -ld /tmp, farkon layin ya zama drwxrwxrwt, da t a ƙarshe. In ba haka ba, sudo chmod 1777 /tmp. Daga nan sai direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke zana hoto a allo. Umarnin lspci | grep -iE 'vga|3d' zai gaya maka wane kati ke ciki. Galibin HP EliteBook da Dell Latitude da ake sayarwa a Ikeja Intel ne, direbansu yana cikin kanel, ba su cika rigima ba. NVIDIA ce mai wuyar sha'ani, domin direbanta sai an sake gina shi duk sanda aka sa sabon kanel, kuma in wuta ta katse ginin, kanel ya tashi ba direba. Gwajinsa mai sauƙi ne. Sake kunna kwamfutar, ka riƙe Shift, ko ka daddanna Esc in sabon samfuri ce, har menu na GRUB, wato jerin zaɓin da ke zuwa kafin Mint ya tashi, ya fito. Shiga layi na biyu, na ƙarin zaɓi, ka ɗauki kanel mai ƙaramar lamba, wato wanda kake kai kafin sabuntawa. In ka shiga da shi, ka gano inda ciwon yake, sai ka sake girka direban daga manhajar direbobi ta Mint. A shafin shiga ma, kusa da sunanka, akwai ɗan tambarin da in ka danna za ka iya zaɓar Cinnamon mai zana hoto ba tare da katin ba. Yana da nauyi, amma zai ba ka damar buga wa kwastoma takardarsa yau.

Kwamfutar kuma tana faɗin abin da ke damunta, mu ne ba mu karantawa. Bayan an koro ka, koma baƙin allo ka rubuta tail -n 30 ~/.xsession-errors, sannan journalctl -b -p err. Turanci ne mai kauri, kuma ba kowane jan layi ne abin tsoro ba, kwamfuta mai ƙoshin lafiya ma tana da su. Ka nemi layin da ya ambaci rashin wuri, ko hana izini, ko wani fayil da aka nema aka rasa. In ka ga an ce faifan ya koma na karatu kawai, wutar ta taɓa tsarin ajiyar ne, sai an tashi kwamfutar daga filashi mai ɗauke da Mint a yi masa fsck, umarnin da ke duba faifai ya gyara shi, ba a yin sa a kan faifan da ake cikin amfani da shi.

In duk sun ƙi, kuma kana da hoton Timeshift na kafin Talata, sudo timeshift --restore zai mayar da tsarin yadda yake a ranar. Amma ina so ka riƙe wannan da kyau, don na ga waɗanda suka yi kuka a kansa: Timeshift a yadda ya zo ba ya ajiye abin da ke foldarka ta gida. Tsari yake karewa, ba takardu ba. Alherinsa shi ne mayarwar ba za ta taɓa aikin kwastomominka ba. Sharrinsa shi ne wanda ya dogara da shi a matsayin ma'ajiyar takardu, ranar da faifai ya mutu zai tashi hannu rabbana. Ko da ta kai ga sake girka Mint ɗin, wanda ban yi tsammani ba, mataki ne na ƙarshe, kuma bayan an kwashe komai.

Game da zama lafiya nan gaba, ra'ayina a fili yake. A garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, laftof marar batir ba ta dace da shago ba, sayen batir ya fi kowane saiti da zan koya maka. Kafin ka samu, kada ka danna sabuntawa sai a kan wutar da kai ke da iko da ita, kuma ka kashe sabuntawa ta kai-tsaye. Timeshift ka bar shi a kunne, amma hoto biyu na mako sun wadatar a ƙaramin faifai. Ka ajiye filashi guda mai ɗauke da Mint a aljihun tebur, wanda za ka iya tashin kwamfutar da shi ka kwashe kaya ko da faifan ya ƙi tashi, ba a fafe gora ranar tafiya. Mint 21 yana samun gyare-gyaren tsaro har 2027, Mint 22 kuma har 2029, don haka babu gaggawar tsallakawa sabon zubi ana tsakiyar kakar aiki.

Wasu za su ce maka ka girka wata fuskar aikin, Xfce ko KDE, a kan Cinnamon ɗin don ka huta. Xfce ya fi sauƙin nauyi, kuma ga kwamfuta mai RAM gigabait 4 shi nake zaɓa wa mutane tun farko. Amma tara fuskokin aiki biyu uku a tsari ɗaya yana kawo menu cike da manhajoji masu aiki iri guda, da saitunan da ke taka juna. In Cinnamon bai yi maka nauyi ba shekara guda, ka zauna a kansa.

Abu na ƙarshe, tunda buga takardu ne sana'arka kuma a Agege kake, ba za ka rasa masu kawo rubutun Hausa ba, katin ɗaurin aure ko sanarwar masallaci. A saitin kibod na Mint akwai shimfiɗar Hausa ta Najeriya, mai ƙ da ɗ da ɓ. In ka ƙara ta, ka bar ta Turanci a matsayin ta farko, domin wasu maɓallai suna sauya aiki, kuma kalmar sirri mai alamomi tana iya ƙin shiga ba ka san dalili ba. In jefi-jefi kake buƙatarsu, a yawancin manhajoji za ka iya danna Ctrl da Shift da U, ka rubuta 0199 ka danna Enter, ƙ ta fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ 0253, alamar naira kuma 20a6.

Ka fara da df -h. In ka bi har ƙasa ba ta buɗe ba, ka ɗauki hoton allon da wayarka, sakamakon df da layuka 30 na ƙarshe na .xsession-errors, ka turo mini mu duba tare. Allah ya ba da kasuwa.